Daga Kuɗin Ƙasa Zuwa Harajin Albashi: Wa Ya Fi Ɗaukar Kayan?

Takardar da muka ɗauko a wannan makon daga ƙasar Ajingi ta fito, daga wani manomi wanda ya ce idan rani ya yi yakan ɗan taɓa sayen hatsi yana kaiwa Gaya. Bayan gaisuwa irin ta addinin Musulunci, malamin cewa ya yi musu ne ya kaure tsakaninsa da abokin cinikinsa. Shi yana cewa tun da aka fara haraji a ƙasar Kano talaka ne ke ɗaukar kayan. Abokin kuwa ya ce ina, ai tun da Rimi ya soke haraji da jangali talaka bai sake biyan ko kwabo ba, ma'aikata da manyan 'yan kasuwa su ke biya. Sa'an nan ga shi sun ji wai an yi sabuwar doka, za a riƙa bin asusun banki ana yanka. Shi ne ya ce mu raba musu gardama, mu kuma ba su tarihin abin.

To Malam, mun gode da takarda. Kowannenku ya riƙe wani yanki na gaskiya, amma ba zan yanke hukunci ba sai mun bi abin daga tushe, kuma daɗin abin shi ne tushen ya biyo ta ƙofar gidanku.

Littafin tarihin sarakunan Kano ya nuna cewa Sarki Kutumbi, wanda ya yi mulki daga 1623 zuwa 1648, shi ne ya fara karɓar jangali daga hannun Fulani. Bayansa, a zamanin Sarki Dadi, watau daga 1670 zuwa 1703, Sarkin Gaya Farin Dutse ya yi tawaye, ya shekara uku bai kai haraji Kano ba. Daga ƙarshe aka lallaɓa shi ya zo ganawa, aka kashe shi. Amma duba ikon Allah. 'Yarsa Mariyama ita ce ta haifi Sarkin Kano Muhammadu Sharefa, wanda ya hau a 1703, kuma a zamaninsa mutanen Gaya suka sami faɗa a ji ƙwarai a fadar Kano. Wannan jika na wanda ya ƙi biyan haraji shi ne tarihi ya riƙe da ƙirƙiro hanyoyin karɓar kuɗi har guda bakwai, ciki har da harajin Kasuwar Kurmi da wanda ake karɓa idan budurwa za ta yi aure. Kumbari da ya gaje shi a 1731 ya matsa wa kasuwar har ta kusa mutuwa, Larabawa suka kwashe kayansu suka koma Katsina, talakawan birni da yawa suka fantsama ƙauyuka. Ka ji darasi na farko: mai jari yana da ƙafa, idan aka matsa masa sai ya tashi. Mai gona fa, ina zai kai gonarsa?

Da Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya zo, cikin abubuwan da ya soki sarakunan Haɓe da su a littafinsa Kitabul Farƙ akwai jangali da kuɗin gari da gaisuwar da ake kai wa masu mulki. Abin da shari'a ta sani shi ne zakka, ita kuwa tana da tsari wanda nake so ka riƙe shi da kyau don za mu komo kansa. Zakka tana da nisabi. Wanda shanunsa ba su kai 30 ba babu komai a kansa, haka mai tumaki ko awaki da ba su kai 40 ba. Hatsi ma sai ya kai ausuƙi biyar, sa'an nan a fitar da ɗaya cikin goma idan ruwan sama ne ya shayar da shi. Watau akwai wani layi da aka ja a ƙasa, wanda bai kai shi ba an ɗauke masa, wanda ya wuce shi kuma gwargwadon samunsa gwargwadon abin da zai fitar.

Sai dai mulki yana cin kuɗi, don haka tsofaffin haraji ba su daɗe ba suka komo. Baturen nan ɗan Jamus mai yawon buɗe ido, Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya sauka Kano a 1851, ya rubuta cewa kowane magidanci yana biyan kuɗin ƙasa wuri 2,500 a shekara, kowace rijiyar rini wuri 700, watau kuɗin karofi, kowace bishiyar dabino kuma wuri 600. Ban da waɗannan ga kuɗin shuka da kuɗin rafi a kan masu rogo da rake da albasa da sauran kayan fadama. Ka lura da abin da ake bi: gida, rijiya, bishiya, saniya, fadama. Duk abubuwa ne da ido ke gani, hannu ke nunawa, kuma ba sa gudu cikin dare. Ribar fatake da ke zuwa Gwanja sayen goro kuwa, wa ya san adadinta? Sai dai a tare su a hanya ko a mashaya a karɓi fito. Akwai kuma masu hurumi, manyan malamai da makusantan fada, waɗanda aka ɗauke wa kuɗin ƙasa ɗungurungum. Kuɗin da aka tara kuma kafin ya kai fada ya bi hannun dagaci da jakada da hakimi, kowa da rabonsa.

Turawa suka ci Kano a watan Fabrairu 1903, aka naɗa Sarki Abbas. Su ba su zo da niyyar kashe kuɗin ƙasarsu a nan ba, saboda haka maganar haraji ce farkon abin da suka sa gaba. A 1906 Gwamna Lugga ya fitar da dokar da ta tsara kuɗin shiga na sarakuna, aka shiga haɗe ƙananan harajin nan barkatai, har da zakkar hatsi, su zama haraji guda. Razdan Cargill, wanda Kanawa suka sa wa suna Mai Gunduma, ya yanka ƙasa gunduma-gunduma, aka ce kowane hakimi ya bar birni ya koma ƙasarsa ya zauna, aka kawar da jakadu. Sa'an nan aka kafa Baitulmali, sarakuna da hakimai suka koma kan albashi, kuɗin da aka tara kuma a farko rabawa ake yi, rabi na gwamnati, rabi na En'e. Manoma da yawa ba su yarda cewa abin da suka ba Bature ya sauke musu farali ba, sai suka ci gaba da fitar da zakkarsu daban. Ka ga an biya biyu ke nan.

Su Turawan suna cewa wai harajinsu na samu ne, kowa gwargwadon abin da yake samu. A ƙasarsu an san irin wannan tun 1799, lokacin da Firayim Minista William Pitt ya ƙago shi don yaƙi da Faransa. Wanda samunsa bai kai fam 60 a shekara ba babu ruwansa, mai fam 200 zuwa sama ya ba da ɗaya cikin goma. To amma a nan, yaya za a san samun mutumin da ba ya rubuta ciniki, kuma ba mahaukaci ba ne balle ya faɗa? Wajen 1909, zamanin Razdan Temple, sai aka fito da dabarar taki. Ba takin zamani ba, takin ƙafa. Malaman taki su bi gona su auna tsawo da faɗi da taku, a yi lissafi, a ce ga abin da mai gonar zai biya. Aka fara da gundumomin da ke kewaye da birni, sa'an nan aka yi ta faɗaɗawa. A takarda abin da kyau, don mai babbar gona zai fi biya. A fili kuwa, jigawa mai yashi da gonar da ta sha takin shanu kuɗinsu ɗaya idan faɗinsu ɗaya ne. Malamin taki kuma ɗan Adam ne, idan ya ci kaza a gidan wani sai takunsa ya ƙara faɗi, gona ta ƙanƙance. Attajirin da dukiyarsa ke cikin fatauci, gonarsa 'yar ƙarama, shi ya fi kowa dariya.

Daga baya a yawancin gundumomi aka bar taki aka koma lissafin kawuna, wanda shi ne harajin da iyayenmu suka sani. A ƙirga mazaje baligai na gari, a kimanta arzikinsa, a ɗora masa jimlar kuɗi, a ce dagaci da masu unguwanni su raba wa jama'a, mai ƙarfi a ƙara masa, mara ƙarfi a rage masa. An kuma ware 'yan tsirarun attajirai ana yanka musu nasu daban. Amma tsakani da Allah, wane mai unguwa ne zai tsuga wa mutumin da ke ba shi rancen hatsi da bazara? Sai abin ya zama kusan kai ɗaya, bambancin bai taka kara ya karya ba.

A nan nake so mu ɗan dakata, domin nan ne zuciyar tambayarka take. Mu ɗauki misali. Ga mutum biyu a unguwa ɗaya, ɗaya ya noma dami 30, ɗaya ya noma dami 300, aka ce kowa ya kawo kuɗin dami uku. Wani zai ce ai an yi adalci, kowa uku. Alhali kuwa na farko ya ba da ɗaya cikin goma na abincin gidansa, na biyu ya ba da ɗaya cikin ɗari. Ba a nan ta tsaya ba. Da kaka ake karɓar haraji, kuma da kuɗin Bature ake biya, ba da dami ba, ba da wuri ba. Kaka kuwa lokacin da hatsi ya fi araha ke nan, don kowa ya fito da nasa. Mai dami 30 dole ya sayar a wannan farashi don ya kuɓuta daga dogari. Wa zai saya? Mai dami 300, wanda ya biya nasa daga aljihu. Bazara ta yi, rumbun talaka ya ƙare, ya koma ya sayi hatsin nan nasa da tsada, ko ya ci bashi, ko ya bar gonarsa ya tafi ƙodago a gonar wancan. Magidanci mai 'ya'ya maza uku a gandu kuwa, kawuna huɗu zai biya wa. Tsofaffi kan ba da labari cewa har hamatar yaro akan duba, idan an ga gashi sai a rubuta sunansa. Ni kaina na taras da rasitan kakana cikin wani gwangwani a soke jikin rufin ɗaki, shekara da shekaru bayan an daina tambayarsu. Na ce Baba me za ka yi da waɗannan? Ya ce kai yaro ne, ba ka taɓa kwana a ɗaure a ƙofar dagaci ba.

Wannan matsi na neman tsabar kuɗi shi ya tura mutane noman gyaɗa gadan-gadan bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, shi kuma ya ƙara yawan masu tafiya cin rani. Ko a yunwar 1913 zuwa 1914, wadda ake kira Kakalaba, ba a daina neman haraji ba. Bafulatani shi ma da damina ake binsa, a ƙirga shanu a karɓi kuɗi ƙayyadadde a kan kowace, shi ya sa wasan ɓuya tsakanin makiyayi da malamin jangali ya zama abin ba da labari.

Akwai kuma wani haraji da ba a ba da rasit a kansa, kuma a ganina ya fi na dagaci ciwo. Daga 1949 aka kafa hukumar cinikin gyaɗa, wadda a 1954 ta koma hannun gwamnatin Jihar Arewa. Ita kaɗai ke da ikon fitar da gyaɗa waje, ita ke yanka farashin da za a sayi ta manomi, ta sayar a Turai, ta riƙe bambancin. Wani masanin tattalin arziki mai suna Helleiner ya lissafa cewa daga 1947 zuwa 1961 abin da aka riƙe wa manoman gyaɗa ta wannan hanya da ta kuɗin fito ya kai kusan kashi ɗaya cikin huɗu na abin da ya kamata su samu. Watau cikin kowane buhu huɗu da aka ɗora a dalar gyaɗa, ɗaya kyauta manomi ya ba da bai sani ba. An yi ayyuka da kuɗin, ba a musu, amma dai kura da shan bugu ne, gardi da karɓar kuɗi. Sai a 1986 aka rushe hukumomin nan.

Saboda irin waɗannan abubuwa ne jam'iyyar NEPU, wadda aka kafa a Kano ranar 8 ga Agusta 1950, ta su Malam Aminu Kano, ta riƙe maganar haraji da jangali ta yi ta yaƙi da ita. Da PRP ta ci zaɓe, Alhaji Muhammadu Abubakar Rimi ya hau a watan Oktoba 1979 ya soke su a jihar Kano, lokacin har da Jigawa a ciki, Alhaji Balarabe Musa ma ya yi haka a Kaduna. Ba mu kaɗai ne ke ƙin kuɗin kai ɗaya ba. A Ingila ma da Uwargida Thatcher ta ɗora irinsa a 1990, tarzoma aka yi a Landan, kuma yana cikin abin da ya yi awon gaba da kujerarta a wannan shekarar.

To a nan abokinka yana da gaskiya, an soke. Inda ya kuskure shi ne cewa da ya yi talaka bai sake biya ba. Dokar soja ta 1998 da ta jera harajin da kowane mataki na gwamnati zai karɓa ta bar wa jihohi kuɗin raya ƙasa har naira 100 a kan kowane mai biyan haraji, ta bar wa ƙananan hukumomi kuɗin rumfa da na kasuwa da na tasha da na mayanka da na shanu, har da na keke da amalanke. Kai da ke kai hatsi Gaya ka fi ni sanin tikiti nawa ake yanka maka kafin ka sauke buhu, wanda ya kai sa kara ta Wudil ranar Juma'a shi ma ya sani. Ga kuma harajin kayan masarufi, VAT, da ya fara a 1994 a kan kashi 5 cikin ɗari, aka mai da shi kashi 7.5 a 2020. An ɗauke shi a kan ɗanyen abinci, amma yana cikin katin waya da kayan shago da yawa. Haka naira 50 ɗin nan da ake cirewa idan an tura naira 10,000 ko fiye ta banki: mai tura dubu goma hamsin, mai tura miliyan goma shi ma hamsin. Ka tuna da mai dami 30 da mai dami 300.

Shi kuwa harajin samu na ainihi, wanda jiha ke karɓa daga mazaunanta, ma'aikaci ne ya fi shan sa, don albashi shi ne sabuwar gonar da ake iya aunawa da taki. Tun kafin kuɗi ya iso hannunka an yanke. Na koyar a aji kafin in zo gidan rediyo, na ga yadda layin nan na haraji ba ya taɓa fashi a takardar albashi, ko da a watan da albashin kansa ya makara. Alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa sun sha nuna cewa wannan yanka na albashi shi ne kaso mafi girma a harajin da jihohi ke tarawa. Babban ɗan kasuwa kuwa kimantawa ake yi masa, kimantawa kuma ciniki ce, kamar dai zamanin mai unguwa. Saboda haka rabin maganar abokinka game da ma'aikata daidai ne, rabin da ya shafi attajirai kuwa sai a yi a hankali.

Saura sabuwar doka. Shugaba Tinubu ya sa mata hannu ranar 26 ga Yuni 2025, aka tsayar da 1 ga Janairu 2026 ranar fara aikinta. A tsohon tsari na 2011, bayan an cire rangwame, ana farawa ne da kashi 7 a kan naira 300,000 na farko, a hau har kashi 24. A sabon kuwa naira 800,000 na farko a shekara babu haraji a kansu sam, ka ga wani abu mai kama da nisabi ke nan. Naira miliyan 2.2 da ke biye kashi 15, miliyan 9 na gaba kashi 18, miliyan 13 na gaba kashi 21, miliyan 25 na gaba kashi 23, abin da ya haura miliyan 50 kuma kashi 25. Mai karɓar mafi ƙarancin albashi an ɗauke masa. Hawa-hawa ne kamar matakala, kowane mataki da kuɗinsa, ba wai da ka tsallake layi a bi dukiyarka duka ba. Wanda samunsa bayan rangwame ya kama miliyan 1.2, dubu 400 kawai za a taɓa, ya biya naira 60,000, watau biyar cikin ɗari. Mai miliyan 3 zai biya 330,000, sha ɗaya cikin ɗari. Mai miliyan 12 zai biya 1,950,000, ya ɗan haura sha shida cikin ɗari.

Game da asusun banki, harajin nan a kan samu yake, ba a kan ajiya ba. Kuɗin da ɗanka ya aiko maka kyauta, ko jarin da kake juyawa, ba su ne riba ba. Ga manomi da ɗan kasuwa, samu shi ne abin da ya rage bayan an fitar da kuɗin iri da taki da ƙodago da mota da kuɗin sayen kayan. Sai dai wanda ba ya rubutu, ranar da aka zo kimantawa ba shi da abin nunawa, sai abin da jami'i ya ga dama. Don haka ka sami littafi ko na 'yan makaranta ne, ka sa yaro ya riƙa rubuta abin da ya shiga da abin da ya fita, kuma duk wanda ya karɓi kuɗinka da sunan hukuma ka ce ya ba ka rasit mai hatimi.

Da fatan Malam da abokinsa sun gamsu. Idan kuma akwai wani dattijo a Gaya ko Ajingi ko Albasu da har yanzu yake ajiye da rasitin haraji ko na jangali na zamanin En'e, muna roƙo a karanto mana shekarar da adadin kuɗin da ke jiki a aiko, za mu karanta a fili na gaba.